Kwamfutar tafi-da-gidanka ta amfanin gida

Kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ake kuma kira laftof ko kwamfutar cinya, ƙaramar kwamfuta ce da ta haɗa fuska da allon rubutu da batir a jiki ɗaya, ana buɗe ta kuma a rufe kamar littafi. Ta amfanin gida ita ce wadda ake saya domin ayyukan yau da kullum marasa nauyi, kamar buga takardu, shiga intanet, kallon bidiyo, karatu da ajiye lissafi. Kusan kowace kwamfutar da aka ƙera a 'yan shekarun nan tana iya waɗannan ayyuka. Saboda haka a wuraren da ke nesa da manyan birane, irin su ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa a kudancin Jihar Kano, abin da ke bambanta zaɓi mai kyau da maras kyau shi ne ƙarfin batir, jure zafi da ƙura, sauƙin samun kayan gyara, da kuma shekarun na'urar, fiye da saurinta ko sunan kamfanin da ya ƙera ta.

Taƙaitaccen tarihi

Kwamfuta ta farko mai ɗaukuwa da ta samu kasuwa ita ce Osborne 1, wadda ta fito a Amurka a 1981, nauyinta ya haura kilo 10. A 1982 aka fitar da GRiD Compass mai murfin da ake naɗewa, siffar da ake bi har yau. Toshiba T1100 ta biyo baya a 1985, sai PowerBook na kamfanin Apple a 1991, da ThinkPad na IBM a 1992. Kamfanin Lenovo na ƙasar Sin ya sayi sashen kwamfutocin IBM a 2005. A Najeriya, kamfanin Zinox ya fara fitar da kwamfutoci masu ɗauke da sunansa a 2001, kuma a 2007 aka gwada shirin bai wa kowane yaro laftof a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja.

Buƙatar kwamfuta a gidaje ta ƙaru bayan hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015. Hukumar WAEC ita ma ta fara irin wannan jarrabawa ga masu zaman kansu a 2024. Ɗalibin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai a ranar jarrabawa yakan ɓata lokaci wajen neman maɓallai, shi ya sa iyaye da yawa ke neman na'urar da yara za su saba da ita tun a gida.

Ayyukan da ake saye dominsu

Matakin farko shi ne a san aikin da za a yi da na'urar. Ɗalibai na buƙatarta domin atisayen jarrabawa, rubuta kundin kammala karatu da darussan Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa. Malaman makaranta na shirya darasi da sakamakon jarrabawa. Malaman addini da ɗalibansu na amfani da manhajar Maktabatus Shamila, wadda ta tattara dubban littattafan Larabci kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Ɗan kasuwar shinkafa ko masara na iya ajiye lissafin buhuna da basussuka a manhajar Excel. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kwamfuta mai tsada irin ta masu wasannin bidiyo ko masu tace fina-finai, waɗanda suke da nauyi, suke shan wuta sosai, kuma batirinsu ba ya daɗewa.

Manyan sassa

Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Mafi yawan waɗanda ake samu a kasuwannin Najeriya na kamfanonin Intel da AMD ne. Masu saye da dama na duba lambar i3, i5 ko i7 kawai, alhali zubin firosesa, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan, ya fi wannan lamba muhimmanci. Ana gane zubi daga lambobin farko da ke bin sunan: i5-8250U zubi na 8 ce, i5-1135G7 kuwa zubi na 11. Firosesar i7 ta zubi na 4, wadda ta fito a 2013, na iya gaza i3 ta zubi na 11 sauri, ga kuma shan batir. Domin amfanin gida, Core i3 ko i5 daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 3 ko Ryzen 5 na AMD, sun wadatar. Masu sunan Celeron su ne mafi araha, sai dai sukan yi nauyi idan an buɗe shafuka da yawa.

RAM ita ce ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin. Gigabayit 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, amma a aikace gigabayit 8 ne ke ba da damar buɗe Chrome da Word tare ba tare da tsaiko ba. A wasu kwamfutocin ana iya ƙara RAM daga baya, a wasu kuma an liƙe ta da jikin na'urar, don haka ana tambaya kafin a biya kuɗi.

Ma'adanar dindindin iri biyu ce. HDD faifai ne mai juyawa, yana da arha da faɗi, amma yana da jinkiri kuma faɗuwa ko jijjiga na iya lalata shi. SSD ba ta da wani abu mai motsi a cikinta, ta fi sauri nesa ba kusa ba, ta fi jure jijjigar babur a hanyar da ba kwalta, kuma ta fi ƙarancin shan wuta. SSD mai gigabayit 256 ta isa takardu da manhajoji. Mai tara fina-finai da karatuttuka na murya zai fi jin daɗin 512. Wasu sababbin kwamfutoci masu arha na zuwa da ma'adanar eMMC mai gigabayit 32 ko 64, wadda ke cika da wuri kuma galibi ba a iya sauya ta.

Fuskar da aka fi samu ita ce mai inci 14 da mai inci 15.6. Ta farko ta fi sauƙin ɗauka, ta biyu ta fi dacewa da kallon iyali, kuma sau da yawa tana da maɓallan lambobi a gefe, abin da ke taimaka wa mai lissafi. Fuska mai ma'aunin 1920 da 1080 ta fi mai 1366 da 768 fito da ƙananan rubutu, musamman Larabci mai wasali.

Wutar lantarki da batir

Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a jihohin Kano, Katsina da Jigawa. Hukumar NERC ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar, daga A mai aƙalla sa'o'i 20 a rana zuwa E mai sa'o'i 4. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a farkon shekarun 1970 a zamanin Gwamna Audu Bako, tana ƙaramar hukumar Bebeji, kuma gwamnatin jiha ta gina tashar wuta mai megawat 10 a wurin, sai dai an tsara ta ne domin matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birnin Kano. Gidajen yankin na dogara ne da layin KEDCO, da janareta, da sola, da shagunan caji. A watan Oktoban 2024, lalacewar manyan layukan dakon wuta ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda.

Wannan ya sa batir ya zama sashe mafi muhimmanci ga mai saye a karkara. Ana auna shi da Wh, wato adadin wat da zai iya bayarwa na tsawon sa'a guda. Batir mai Wh 50 a kwamfutar da ke cin wat 10 wajen buga takarda zai kai kimanin sa'o'i 5. Idan ana kallon bidiyo da cikakken haske lokacin zai ragu. Batirin litiyom yana raguwa bayan ɗaruruwan caji, kuma zafi na hanzarta raguwar. A Windows, rubuta umarnin powercfg /batteryreport yana fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batir na asali da wanda ya rage masa. Idan abin da ya rage bai kai kashi biyu cikin uku na asali ba, ana lissafa kuɗin sabon batir cikin farashin.

Cajar kwamfutar gida yawanci wat 45 ko 65 ce, abin da ƙaramar sola mai inbata ke iya ɗauka. Waɗanda ke caji ta kafar USB-C suna da ƙarin amfani, domin ana iya ba su wuta daga babban fawa-banki da ya dace da su. Cajar jabu da wutar da ke zuwa da ƙarfi, musamman lokacin tsawa a damina, suna cikin abubuwan da suka fi ƙona kwamfuta, don haka ake cire caja idan hadari ya taso ko an kawo wuta bayan ɗaukewa, har sai ta daidaita.

Zafi da ƙura

Kamfanoni da yawa na ƙayyade cewa a yi aiki da laftof a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin salshiyas ba, alhali a watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano kan haura 40. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu na shiga ta ramukan iska ta taru a fanka. Kwamfutar da ta yi zafi tana rage saurinta da kanta, wani lokaci ta mutu ana cikin aiki. Ɗora ta a kan katifa, darduma ko filo na toshe ramukan da ke ƙasanta, shi ya sa ake so a ɗora ta a kan tebur ko allo mai tauri, a riƙa ajiye ta cikin jaka, a kuma kai ta a share fankar bayan hunturu.

Sabuwa ko ta hannu

Sabuwar kwamfuta na zuwa da garantin kamfani, galibi na shekara guda, da batirin da ba a taɓa ba. Farashinta ya tashi sosai bayan Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira a watan Yunin 2023, tunda daga waje ake shigo da kusan dukkan kayan. Da yawa sun koma ga na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam. Mafi yawansu na ofisoshi ne da aka yi ritayarsu bayan 'yan shekaru, kamar HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad. An ƙera su da ƙwari, kuma saboda yawansu batir da fuska da allon rubutunsu ba sa wuyar samu.

Manyan wuraren saye a Kano su ne kasuwar Farm Centre da Titin Beirut, yawancin kayan kuma na fitowa ne daga Computer Village da ke Ikeja a Legas. Ga mutumin Tudun Wada ko Riruwai, hedikwatar Doguwa, mayar da kaya na nufin sake bin hanyar Kwanar Ɗangora zuwa birni, da kuɗin mota da asarar yini. Wannan ne dalilin da ya sa ake gwada komai a shago: kowane maɓalli, kafofin USB, lasifika, kyamara, kama intanet, mahaɗin murfi, da fuska ko tana da layi ko ɗigo. Ana duba bayanin firosesa da RAM daga cikin Windows, domin ana iya sauya takardar da aka manna a jiki. Ana tabbatar da cewa babu kalmar sirri a BIOS, sannan a karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da kwanakin gwajin da aka amince. Rasit na kare mai saye idan daga baya aka ce kayan na sata ne. Masu iya magana na cewa arha ba ta ado.

Manhaja da intanet

Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11, wadda ta fito a 2021, na buƙatar abin tsaro na TPM 2.0 da firosesar Intel daga zubi na 8 ko makamanciyarta ta AMD. Wannan ne babban dalilin da ya sa zubi na 8 ya zama iyaka ga mai sayen ta hannu: wadda ta gaza haka za ta ci gaba da aiki, amma kariyarta daga ƙwayoyin cutar kwamfuta za ta riƙa raguwa. Ana iya raya tsofaffin na'urori da Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne. Chromebook na da arha da batir mai daɗewa, sai dai ta fi dogara da intanet kuma manhajojin Windows ba sa hawa kanta kai tsaye.

Yawancin gidaje na haɗa kwamfuta da intanet ne ta wayar hannu ko ƙaramar na'urar MiFi, a layukan MTN, Airtel ko Glo. Tun bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar NCC ta amince da shi a kuɗin kira da data a Janairun 2025, tattalin data ya ƙara muhimmanci. Windows na sauke sabuntawa masu nauyi da kanta, amma akwai saitin da ke sanar da ita cewa datar ƙididdigagga ce, sai ta rage. Windows na kuma ɗauke da tsarin allon rubutu na Hausa mai haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, da na Larabci, ana kunna su daga saitin harshe ba tare da sayen komai ba.

Bayan na'ura ta tsufa

Kwamfutar da aka kula da ita na iya kai shekaru biyar ko fiye, musamman idan an sauya mata batir, an ƙara RAM ko an sa mata SSD. Kafin a sayar da ita ko a bayar, ana goge ma'adanar gaba ɗaya, saboda hotunan iyali da bayanan banki da ke ciki. Batirin da ya kumbura ana cire shi nan take, ba a huda shi, ba a jefa shi a wuta ko a bola, domin yana iya kamawa da wuta. Ana miƙa shi ga masu gyara ko masu sayen tsofaffin kayan lantarki.