Daga Arkilla zuwa Ƙanwuri: Yadda Wuri ke Rainon Makaɗi

Masu nazarin waƙoƙin baka sun saba karkasa makaɗa bisa ga kayan kiɗansu, su ce wannan na taushi ne, wancan na kalangu. Amma wanda ya taka da ƙafa daga Arkilla, a gefen Sakkwato, har zuwa fadar Sarkin Musulmi, zai ga cewa wuri ne ke fara zaɓa wa makaɗi abin da zai kaɗa da irin maganar da zai sa a baki.

Arkilla, wadda ke cikin ƙasar Wamakko, karkara ce da birni ya cim mata. Kiɗan irin wannan wuri na noma ne da na dambe. Makaɗin noma yana bin saran fartanya, saboda haka ɗiyan waƙarsa gajeru ne, amshinsa mai yawa. Haka nan Ɗan Anace ya gina waƙoƙin Shago bisa zuga da kirarin filin dambe.

In matafiyi ya shiga tsohon birni, wanda Muhammadu Bello ya kafa cikin 1809, sai ya iske Hubbaren Shehu kusa da fada. Shehu Usmanu, cikin Kitabul Farƙ, ya soki sarakunan Hausa a kan shagala da kaɗe-kaɗe. Don haka makaɗin da ya zauna nan tilas ya auna harshensa. Salihu Jankiɗi, makaɗin taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku (1938–1988), da asali da addini da jihadin kakanni yake yabon ubangidansa.

Tafiyar nan ita ce tarihin manyan makaɗan ƙasar Sakkwato da Zamfara. Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu cikin 1991, duk da kiɗan noma suka soma, sa'an nan suka ɗauki kotso suka shiga fada. Ba su baro harshen gida a baya ba: “hwada” suke cewa maimakon “fada”, “shina” maimakon “yana”.

Nan ne abin lura ga malaman da ke rubuta waƙoƙin nan don makarantu. Duk wanda ya mai da lafazinsu zuwa daidaitacciyar Hausa ya ɓata ma'aunin waƙar, ya kuma shafe shaidar inda makaɗin ya fito. Ya kamata a rubuta su yadda aka rera, bayani ya biyo a ƙasa.