Kuratan Yanzu Ba Su San Chari Maigumeri Ba

Wani yaron garinmu Zungur da bai daɗe da fitowa daga depo na Zariya ba ya ce mini wai duk sojan da abokan gaba suka kama da rai ya zubar da mutuncin kaki. Na tambaye shi ko ya san Chari Maigumeri. Ya ce, "Baba, ai sunan bariki ne a Lakwaja." Raina ya ɓaci, amma ba laifinsa ba ne, laifin waɗanda suka kashe hirar dare ne.

A zamaninmu, in an gama kiran suna na yamma, samanja kan tara kurata a zauna a ƙasa, ya ɗauko tarihin bataliya da ka, cikin Hausar bariki. Namu samanjan, Allah ya jiƙansa, yana kurtu ya tarar da Chari a bakin aiki, don haka kusan kullum a kansa hirar take ƙarewa. Babarbare ne daga Barno. Da farko sojan Jamus ne a Kamaru, har suka ba shi lambarsu ta jarumta saboda yadda ya yaƙi Ingila. A 1915 aka kama shi a Garwa, ya zama fursunan yaƙi. A 1917 ya sa kakin waɗanda suka kama shi, aka tura shi Gabashin Afirka ya yaƙi iyayen gidansa na dā. A nan samanja kan tsaya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To, ina kunyar?"

Samanjan nan, kai, ko maɓalli ɗaya ya gani ba a goge ba, ranar sai ka sha rana da bindiga a ka. Amma ranar da aka dawo da wani kofur da ya yi watanni a hannun abokan gaba, shi da kansa ya ɗauki jakarsa, ya kuma hana kowa yi masa tambaya sai da ya ci ya ƙoshi. Na ga irin wannan dawowa daga baya lokacin ECOMOG, sai dai a lokacin takarda ake fara miƙa wa mutum kafin ruwan sha.

Chari kuwa, a Yaƙin Duniya na Biyu ya sake samun lambar jarumta, wannan karon daga Ingila, a yaƙin da aka yi da Italiya a Habasha. Ya je Burma, kuma dakarunmu da suka yi yaƙi a can ne Malam Sa'adu Zungur ya yi wa waƙar Maraba da Soja da suka dawo. Ya yi ritaya a 1953, aka ba shi kyaftin na girmamawa.

Yau kurtu na da waya a aljihu, amma bai san wannan ba. Samanjojin da ke bakin aiki, ku dawo da hirar dare, ko sau ɗaya a mako.