Tarihin Ruwan Famfo a Ƙasar Minna: Su Wane Ne Ke Riƙe da Makullin?

 A wannan fitowa muna so mu ɗan waiwaya baya game da wani abu da babu gidan da bai shafa ba a nan Maikunkele, wato ruwan sha. Kullum muna zaune a bakin kasuwa ana cewa "sun kawo ruwa" ko "sun ɗauke ruwa", amma in ka tambayi mutum su wane ne "su" ɗin nan, sai ya yi shiru. To, masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin daga tushe, mu ga hannun da ruwan nan ya bi kafin ya iso inda yake yau.

Zamanin rafi da rijiya

Da farko dai ya kamata mu faɗi gaskiya, ƙasar nan ta Gbagyi ce, waɗanda mu Hausawa muke kira Gwarawa. Su muka tarar, su suka ba kakanninmu masauki da filin gini. A wancan lokaci ruwa ba shi da ofis. Akwai rafi, akwai idon ruwa a gindin dutse, akwai rijiya. Mai gari da dattawansa su ke da magana a kan inda za a ɗebi na sha da inda za a yi wanki ko a shayar da dabbobi. Baƙo in ya zo yana son haƙa rijiya, wurin mai gari zai je ya nemi izini. In rigima ta tashi a mashaya, a ƙofar gidansa ake kashe ta. Abin lura a nan shi ne, mai hukunci da mai ɗiba duk ruwa ɗaya suke sha. In ya gurɓace, cikin kowa zai murɗa.

Zuwan jirgin ƙasa

Abin da ya canja Minna shi ne reluwe. Turawa sun zauna a Zungeru tun 1902, nan ce hedkwatar Arewa kafin a koma Kaduna. Sun shimfiɗa layin dogo daga Baro a bakin Kwara zuwa Kano, ya isa Kano a 1911, kuma ta Minna ya bi. Daga baya layin da ya taso daga Ikko ta Jebba ya zo ya haɗe da shi a Minna, garin ya zama mahaɗa. Wannan ne ya jawo kakannin da yawa daga cikinmu daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato, wasu leburori, wasu mahauta, wasu fatake masu sayen doya da gyaɗa da kaɗanya.

Jirgin wancan zamani da gawayi da ruwa yake tafiya, saboda haka duk babbar tasha sai an tanadar mata tanki. Ke nan ruwan da aka fara tarawa da inji a wannan yanki don jirgi da ma'aikatansa aka yi shi. Talakan gari yana nan da rijiyarsa da rafinsa. Sai a 1949 aka gina dam ɗin Bosso, wanda shi ne ya fara ba garin Minna ruwan famfo. Ƙaramin dam ne, an auna shi da ƙaramin gari.

Don kwatanci, mu dubi Kano. Can tun 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe gidan ruwa na Challawa, kuma da kuɗin Baitulmalin En'e aka yi aikin, wato harajin talakawan Kano. A tsarin En'e, sarki da majalisarsa ke riƙe da irin waɗannan ayyuka, Razdan da Di'o suna sa ido, injiniyan gwamnati yana kula da inji. Tsarin yana da nasa aibu, amma aƙalla talaka ya san fadar da zai kai kuka.

Shekarar 1976

In akwai shekarar da ya kamata kowa ya riƙe a wannan tarihi, to 1976 ce. A ranar 3 ga Fabrairu Janar Murtala Muhammed ya sanar da ƙirƙiro sababbin jihohi, aka cire Jihar Neja daga Jihar Arewa Maso Yamma mai hedkwata a Sakkwato, Minna ta zama babban birni. Murtala Nyako na sojan ruwa shi ne gwamna na farko. A wannan shekara ce kuma aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul a ƙasa baki ɗaya, tsarin En'e ya kau, sarakuna suka koma iyayen ƙasa masu ba da shawara. Ruwan birane ya koma hannun gwamnatin jiha, aka kafa Hukumar Ruwa ta Jihar Neja, wadda bakin jama'a ya saba kira Wata Bod.

Garin da ya zama hedkwata dare ɗaya, ma'aikata suna ta kwararowa daga Sakkwato da Kaduna, ai dam ɗin Bosso ba zai ɗauke shi ba. Sai aka tashi gina dam ɗin Tagwai a gabas da gari, aka gama a 1978. Dam ne na ƙasa, tsayinsa mita 25, yana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 28. Wani abin da yawancinmu ba su sani ba shi ne, hukumar WRECA ta Jihar Kano ce ta yi aikin ginin. Kano ta riga ta goge a wannan fanni tun zamanin Gwamna Audu Bako, lokacin da aka gina dam ɗin Tiga. Saboda haka ruwan da Minna ke sha har yau akwai gumin injiniyoyi da leburorin Kano a cikinsa.

Ga yadda ruwan ke tafiya. Daga Tagwai ake sako shi ya bi kogi zuwa gidan ruwa na Chanchaga. A nan ake zuba masa alif don laka ta kwanta, a tace shi, a sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Sassan gidan ruwan ma da sunayen kamfanonin da suka gina su ake kiransu, irin su Impresit da Biwater. Daga nan manyan injuna ke tura shi zuwa tankunan da ke bisa duwatsu, sannan ya gangaro cikin bututu zuwa unguwanni.

Yanzu ku dubi inda muke. Chanchaga tana can kudu maso gabas, a hanyar Paiko da Suleja. Mu kuwa muna arewa maso yamma, a hanyar Zungeru. Duk faɗin garin Minna yana tsakaninmu da gidan ruwa. Na bakin rafi shi ke fara sha, na nesa sai abin da ya rage. Ƙari a kan haka, wannan ɓangare namu ya cika ya batse. An kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bosso a 1983, ga filin jirgin sama a nan Maikunkele, ga sakatariyar Ƙaramar Hukumar Bosso. A ƙidayar 2006 an sami sama da mutum 147,000 a Ƙaramar Hukumar Bosso, sama da 200,000 a ta Chanchaga, kuma tun daga lokacin ba a daina gini ba.

To su wane ne masu hukuma?

A nan ne ya kamata mu natsu. Tsarin hukumomin ruwa na jihohi hawa-hawa ne. A sama akwai gwamna, shi ke naɗa shugaban hukumar gudanarwa da mambobinta, shi ke naɗa wanda zai riƙe aikin yau da kullum, wanda a da ake kira Janar Manaja. Akwai kwamishinan ma'aikatar ruwa da ke kai maganar hukumar gaban majalisar zartarwa. Akwai Majalisar Dokoki da ke amincewa da kasafin kuɗi. A ƙasa kuma akwai injiniyoyi, da manajojin yanki, da masu raba bil, da masu buɗe bawul su rufe. Mambobin hukumar ba zaɓarsu ake yi ba, naɗa su ake yi. Shi ya sa kowace sabuwar gwamnati takan zo da nata mutane.

Ku ƙirga gwamnonin da suka wuce tun 1976. Bayan sojojin farko, Alhaji Awwal Ibrahim ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983. Sojoji suka dawo, cikinsu har da David Mark da Lawan Gwadabe. Dokta Musa Inuwa ya yi daga 1992 zuwa 1993. Tun dawowar mulkin farar hula an yi Injiniya Abdulƙadir Kure daga 1999, Dokta Mu'azu Babangida Aliyu daga 2007, Alhaji Abubakar Sani Bello daga 2015, sai Mohammed Umaru Bago da ya hau a 2023. Gwamna in ya daɗe ya yi shekara 8, amma bututun da aka binne ana sa ran ya yi shekaru masu yawa fiye da haka. Aikin ruwa yana son wanda zai shuka don wani ya girba, siyasa kuwa tana son abin da za a yanke wa kirtani kafin zaɓe.

Kuma ba hukuma ɗaya ba ce. Gwamnatin Tarayya tana da Hukumar Raya Kogin Neja ta Sama mai hedkwata a Minna, aikinta madatsun ruwa da noman rani. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kafa DFRRI, ta haƙa rijiyoyin burtsatse a karkara. A zamanin Janar Abacha aka yi PTF, ita ma ta taɓa aikin ruwa. Jiha tana da hukumar RUWATSAN mai kula da ruwan ƙauyuka. Manufar ruwa ta ƙasa ta shekarar 2000 ta raba nauyin kuɗin sabon aiki kamar haka: a birni Tarayya kashi 30, jiha 60, ƙaramar hukuma 10, a ƙaramin gari Tarayya 50, jiha 30, ƙaramar hukuma 15, jama'ar gari 5. Wuri irin namu da ya tashi daga ƙauye ya manne da birni, sau da yawa shi ke faɗawa tsakani. Ɗan da ke da iyaye da yawa wani lokaci shi ke kwana da yunwa, don kowa yana zaton wani ya ba shi.

Sauyin baya-bayan nan

A watan Nuwamba 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsabta. A daidai wannan lokaci hukumar agaji ta Amurka, USAID, ta kawo wani shiri mai suna E-WASH a wasu jihohi, Neja da Sakkwato suna ciki. A zamanin Gwamna Abubakar Sani Bello aka sauya dokar tsohuwar Wata Bod, aka mai da ita NISWASEC, mai Manajan Darakta, da nufin ta yi aiki kamar kamfani, ta sa mita, ta tara kuɗinta, ta rage dogaro da baitulmalin jiha.

Mu 'yan kasuwa mun san wannan lissafi. Ruwan kogi kyauta ne, amma alif da kulorin da wutar lantarki da man dizal da albashi duk da kuɗi ake sayensu. Jiharmu ce ke da Kainji na 1968 da Shiroro na 1990, amma injin tura ruwa in babu wuta bai san wannan alfahari ba. In jama'a ba su biya ba, ba a sayi magani ba. In ruwa bai zo ba, jama'a ba za su biya ba. Haka abin ke ta zagayawa. A ƙarshe wanda ya fi shan wahala shi ne mai sayen jarka daga kurar 'yan ga-ruwa, domin in ka auna lita da lita, ya fi mai famfo a gida biya nesa ba kusa ba. Ga 'ya'yanmu mata da ke makara a makaranta saboda layin burtsatse, ga amai da gudawa da ke biyo bayan ruwan da ba a san asalinsa ba.

Abin da ya rage gare mu

'Yan uwa, tarihin nan ya nuna mana cewa hukuncin ruwa ya tashi daga ƙofar mai gari, ya koma fadar En'e, ya koma gidan gwamnati, yanzu yana teburin kamfani. Kowane mataki ya ƙara ƙarfin inji, amma ya ƙara nisa tsakanin mai sha da mai sa hannu. Mu kuma muna da namu laifi. Mun daɗe muna ɗaukar kanmu baƙi masu jiran ranar komawa gida, alhali wasunmu nan aka haifi ubanninsu, nan maƙabartarsu take. Kowa ya sami hali sai ya haƙa burtsatse a gidansa ya ja ƙofa, maganar bututun gari ta mutu. Wasu kuma suna huda bututu da dare su ja layi ba izini, su bar shi yana zuba.

Shawararmu ga ƙungiya guda huɗu ce. Na ɗaya, a kafa kwamitin ruwa mai mutanen da suka iya rubutu, har da mata, don su suka fi sanin zafin abin. Na biyu, kada mu tafi mu kaɗai. Mu haɗa kai da masu masaukinmu Gbagyi da Nufawa da Yarabawa da Ibo da ke zaune tare da mu, a bi ta hannun masu unguwa da hakimi har zuwa fadar Mai Martaba Sarkin Minna, Alhaji Umar Faruƙ Bahago, domin har yanzu maganar iyayen ƙasa tana da nauyi. Na uku, kowace buƙata a rubuta ta, a kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarmu na jiha kafin a rufe kasafin kuɗin shekara, a ajiye kwafi. Na huɗu, wanda ke da layi ya biya bil ɗinsa ya riƙe rasit, don mai rasit a hannu shi ke da bakin tambaya.

Muna roƙon dattawan da suka ga lokacin da ake aikin Tagwai, ko suka sha ruwan Bosso tun ana tara kwabo a famfon unguwa, su ba sakataren ƙungiya abin da suka sani a rubuta, kafin ya tafi tare da su. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma ya ba mu ikon sauke namu nauyin, amin.