Rashin Daidaito a Tambayoyin Wadatar Bayani: Nazari don Masu Shirin Jarrabawa a Ƙasar Gumel

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wani nau'in tambayar lissafi da ke neman hukunci a kan abu ɗaya: shin bayanin da aka bayar ya isa a amsa tambayar? Ta nuna inda rashin daidaito ke kayar da ɗalibi, da amfanin da malaman Sule Tankarkar, Gumel, Maigatari da Gagarawa za su samu idan suka shigo da salon cikin aji.

Gabatarwa

Ɗalibin sakandare a Sule Tankarkar ya san alamun > da < tun kafin ya zauna WAEC ko NECO. Zai sake cin karo da su a jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, wadda tun 2015 ake zana jarrabawarta a kwamfuta. A nan galibi cewa ake yi ya nemo ƙimar x.

GMAT kuwa, jarrabawar masu neman digiri na biyu a fannin kasuwanci a Amurka da wasu ƙasashe, tana da wani salo daban na wadatar bayani: tambaya ɗaya, bayani biyu, zaɓi biyar. A na nufin bayani na farko kaɗai ya isa, B na biyu kaɗai, C sai an haɗa su, D kowanne ya isa shi kaɗai, E ko an haɗa su ba su isa ba.

Nazari

A ɗauki misali daga kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis. Tambaya: shin kuɗin wannan rago ya wuce naira 150,000? Bayani na farko: ya wuce 100,000. Wannan bai isa ba, don ragon yana iya zama na 120,000, yana iya zama na 200,000. Bayani na biyu: raguna biyu masu kuɗi ɗaya da shi ba su kai 280,000 ba. Ke nan ɗaya bai kai 140,000 ba, amsa kuwa a'a ce, babu tantama. Nan ne tuntuɓen farko. Ɗalibi kan ɗauka tunda amsar a'a ce, bayanin bai isa ba, alhali tabbatacciyar a'a ma amsa ce. Zaɓin da ya dace B ne, ba tare da an san ainihin kuɗin ragon ba.

Tarko na biyu ya fi zurfi. Shin x > y? Bayani na farko: x/y > 1. Bayani na biyu: y > 0. Hannun ɗalibi zai yi saurin ninka ɓangarorin biyu da y, ya rubuta x > y, ya zaɓi A. Amma wa ya gaya masa y na sama da sifili? Idan aka ninka da lambar da ke ƙasa da sifili, alama juyawa take yi. A gwada x = 3, y = 2: rabon ya ba da 1.5, kuma x ta fi y. A gwada x = −3, y = −2: rabon dai 1.5 ne, amma yanzu x ba ta kai y ba. Bayani ɗaya ya haifi amsa biyu masu saɓani, saboda haka bai isa ba. Na biyun shi kaɗai bai ce komai a kan x ba. Sai an haɗa su ninkin ke halatta, amsa C.

Haka lambobin da ke tsakanin 0 da 1 suke yaudara: ½ sau ½ ¼ ne, wato ninki ya rage lambar.

Shawara

A ganin marubucin, hasara ce a bar wannan salo ga masu shirin fita waje kaɗai. Yaron da ya haddace dokar juya alama bai san dalilinta ba, da an sauya fasalin tambaya zai ruɗe. Wanda ya saba neman misalin da zai rushe zatonsa kuwa zai kama kuskurensa ko a zauren JAMB, inda ake amsa tambayoyi 180 cikin sa'a biyu.

Aikin ba ya buƙatar kwamfuta ko lantarki, allo da alli sun isa. Ya dace masu koyon malanta a Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel su gwada shi lokacin koyarwar gwaji: tambaya ɗaya a farkon darasi, sannan a sa ɗalibai su jarraba kowane bayani da lambobi biyar, −2, −½, 0, ½ da 2, kafin kowa ya ɗaga hannu.