Yadda aka auna nisan ƙananan maƙwabtan gungun taurarinmu



Idan kana zaune a Kumasi ko Yawunde, ka fita bayan gari cikin daren watan Janairu, in hazo bai hana ba, ka dubi kudu can ƙasa-ƙasa. Za ka hangi wani abu fari-fari kamar guntun gajimare. To, ba gajimare ba ne. Gungun taurari ne sukutum, watau galaksi, ɗaya daga cikin ƙananan da ke maƙwabtaka da namu. Mai sauraronmu na Landan sai dai ya yi haƙuri, ba ya hango shi daga can.

Su biyu ne, babba da ƙarami. Turawa sun laƙaba musu sunan Magellan, matuƙin jirgin ruwan da ayarinsa ya zagaya duniya daga 1519 zuwa 1522, duk da cewa mutanen kudancin Afirka da Ostareliya sun san su tun kafin a haife shi. Amma ganin abu daban, sanin nisansa daban.

Wadda ta buɗe wannan ƙofa wata mata ce, Henrietta Leavitt, ma'aikaciya a cibiyar nazarin taurari ta Harvard a Amurka. Aikinta duba hotunan gilashi da aka ɗauko a ƙasar Peru, ana biyanta 'yan kwabbai a kowace awa. A cikin ƙaramin gajimaren ta lura da wasu taurari da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida. A 1912, bayan nazarin 25 daga cikinsu, ta nuna cewa tauraron da ya fi jinkiri wajen kammala zagayen haskensa shi ne ya fi haske. Da yake duk suna wuri guda, kusan nisansu ɗaya daga gare mu, bambancin hasken nasu na ainihi ne. Ka ga ke nan, in ka ƙirga kwanakin zagayen, ka san ƙarfin fitilar. In kuwa ka san ƙarfinta, ka ga yadda ta dushe a idonka, ka san nisanta. Da wannan ma'auni Edwin Hubble ya tabbatar a tsakiyar shekarun 1920 cewa Andromeda tana wajen gungunmu. Leavitt ba ta ga ranar ba, ta rasu a 1921. A ganina sunanta ya fi na Magellan cancanta a kan gajimaren nan.

Awon da aka yi a 2019 ya nuna babban yana nisan shekarun haske kimanin 160,000, ƙaramin kuwa ana ƙiyasta shi kusan 200,000. Shekarar haske guda kilomita tiriliyan 9 da rabi ce, kusan. Namu gungun faɗinsa ya kai shekarun haske 100,000 ko fiye, su kuwa ba su kai rabin haka ba.

Daga nan sai aka shiga gano waɗanda ido ba ya gani. A 1938 Harlow Shapley ya gano Sculptor da Fornax a hotunan da aka ɗauka a Afirka ta Kudu. A 1994 masana uku a Kambirij ta Ingila suka gano Sagittarius, mai nisan shekarun haske kusan 70,000, wanda ya ɓuya a bayan tsakiyar gungunmu. Wannan kam ya shiga uku, domin ƙarfin jan namu yana yayyaga shi, taurarinsa sun zube sun yi dogon layi a kewaye da mu.

Yanzu an san kimanin 60. Akwai wani, Segue 1, da aka gano a 2006. Taurarinsa ba su wuce dubu ɗaya ba, haskensu duka bai fi na rana ɗari uku ba. Amma gudun da suke yi ya isa ya tarwatsa su tuntuni, in da nauyinsu kaɗai ke riƙe da su. Wani nauyi da ba a gani ne ya ɗaure su, kuma a kansa za mu ɗora a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.