Masallacin Haɓe na Bebeji

Tun ina yaro kakana yake kai ni Bebeji, ya nuna mini tsohon masallacin da ake kira Masallacin Haɓe, wanda ke cikin jerin kayan tarihin ƙasa. Sunan kansa shaida ne, domin yana nuni da zamanin sarakunan da suka gabaci jihadin 1804. Garin ya ga tashin hankali a 1903, sa'ad da rundunar Kanar Morland ta fasa ƙofarsa da igwa a hanyarta daga Zariya zuwa Kano.

Da na girma na karanta yadda Sarki Henry na Takwas ya rufe gidajen ibadar ruhubanawa a Ingila tsakanin 1536 da 1540. Da yake na dutse ne, kangayensu na nan, masana suna tono suna karanta su. Ginin tubali da azara kuwa ba ya jiran mai tono. In aka bar shi ba yaɓe, damina kaɗan za ta mayar da shi tudun ƙasa. Don haka nake ganin tarihin wannan masallaci yana hannun maginan da suka riƙa yaɓe shi, kuma ranar da aka rasa magajinsu, ranar za mu rasa shi.