Famfon Ruwa da Zafin Inji: Tarihin Manyan Motoci a Hanyar Yagwa

Duk wanda ya yi nufin sanin yadda sana'ar tuƙin manyan motoci ta kafu a Arewacin Kamaru, tun daga Garwa da ke bakin Binuwai har zuwa Yagwa da ke kusa da kogin Logon, wadda Bongor ta ƙasar Cadi ke fuskantarta daga wancan ƙetare, to, wajibi ne ya fara da sanin ɗabi'ar ƙasar kanta, domin kuwa ƙasa ce ta kwari, wadda zafin bazararta a watannin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, hunturunta ƙura ne, damunarta kuma laka ce mai riƙe taya. Waɗannan abubuwa uku su ne suka yi wa inji tarnaƙi tun ranar da mota ta fara shigowa, su ne kuma sababin da ya sa wani ɗan ƙarfe wanda yaro zai iya ɗauka da hannu biyu, watau famfon da ke zagayawa da ruwa cikin inji, ya zama mas'alar da direbobi da makanikai ba su gushe ba suna muhawara a kanta.

Kafin zuwan mota, dukiyar wannan yanki a kan jaki da takarkari da kawunan 'yan alaro take tafiya. Bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, daular Adamawa ta kafu, sai fataken Hausa suka yi ta kwararowa da tufafi da kanwa da kayan ƙira, suna komawa da hauren giwa da sauran hajoji, har suka kafa unguwanninsu a manyan garuruwa, kamar unguwar Hausare da ke Garwa. Madugu a wancan zamani ba ya yanke zango sai inda ya tabbata akwai rijiya ko gulbi. Da Turawa suka zo, Jamus da farko, sannan Faransa bayan yaƙin da aka ci Garwa a 1915, babban abin da ake dogara da shi wajen kaya masu nauyi shi ne jiragen ruwa, waɗanda kan hauro Binuwai daga Burutu ta Nijeriya a 'yan watannin da kogi ya cika, su sauke gishiri da siminti da man fetur, su ɗauki gyaɗa da fatu, su yi gaggawar komawa tun ruwa bai janye ya bar su kan yashi ba.

Motocin da suka fara yawaita a Afirka ta Yamma su ne ƙananan motocin Ford, saboda rashin nauyinsu da sauƙin gyaransu. Abin mamaki a nan shi ne, shahararriyar motar nan Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, in ban da 'yan na farko-farko, ba ta da famfon ruwa sam, sai dai maƙeranta suka dogara ga wata ƙa'ida da Allah ya sanya wa ruwa, cewa mai zafi yakan taso sama, mai sanyi ya nutse ƙasa, da haka ruwan ke kewayawa da kansa tsakanin inji da lagireto. Hikima ce mai kyau a ƙasa mai sanyi da hanya mai laushi, amma da zarar an labta wa mota kaya an shigar da ita yashi sai ta hau tafasa, har ya zamana a Amurka ma wasu kamfanoni sun riƙa ƙera famfo daban suna sayar wa masu ita su ɗaura. Da Ford ya fito da Model A a 1927 sai ya sanya mata famfo tun daga masana'anta. Ashe ke nan ƙara wa mota famfo don neman sanyin inji al'ada ce da ta girmi mafi yawan hanyoyin da muke bi yau.

Ya kamata a ɗan yi bayanin yadda abin yake aiki, don kada maganar da za ta biyo baya ta zama a duhu. Man da inji ke ƙonawa, kimanin sulusinsa ne kaɗai ke zama ƙarfin da ke juya taya. Sulusi yakan fice ta salansa, ragowar sulusin kuwa zafi ne da ke shiga jikin ƙarfe, wanda in ba a kwashe shi ba sai gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe, fistin ya kama. Aikin famfo shi ne ya jawo ruwa daga gindin lagireto, ya tura shi ta cikin hanyoyin da aka bari a jikin inji, ruwan ya kwaso zafi ya koma lagireto ta sama, iska da fanka su huce shi. A cikin famfon akwai farfela mai fikafikai, da sandar da take kai, da boris, da kuma sil mai hana yoyo, a ƙasansa kuma an bar wata 'yar kafa da gangan, wadda ɗigar ruwa daga gare ta alama ce ta sil ya fara gajiya. Da yake inji ne ke juya shi, ta fambel ko ta haƙoran giya, gudunsa yana bin gudun inji ne, ba ya bin yawan zafin da inji ke ciki, kuma a nan ne asalin wahalar take.

Abin da ya cika hanyoyin arewa da manyan motoci kuwa noma ne iri biyu. Kamfanin Faransa na auduga, CFDT, ya kafa sansani a Kaele a farkon shekarun 1950, daga baya SODECOTON ta gaje shi a 1974, hedkwatarta a Garwa. A Yagwa kuma tun 1954 aka fara gwajin noman shinkafa na zamani a ƙasar Masa, aka mai da shi kamfanin SEMRY a 1971, aka gina madatsar Maga a 1979. Ana cikin haka sai yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya toshe hanyar Binuwai, wadda ba ta sake komawa kamar da ba, sa'an nan layin dogo ya iso Ngaundare a 1974 ya tsaya. Daga nan duk wani kaya da ya nufi Garwa da Marwa da Yagwa da Kusiri da Njamena sai ya koma bayan mota, duk wani ɗaurin auduga da ya nufi Duwala kuma sai mota ta hau da shi tudun Adamawa. Garwa tana kimanin mita 200 ne bisa teku, Ngaundare kuwa ta kai mita 1,100, mafi tsananin hawan kuma yana tattare a wani mashahurin dutse mai kwana-kwana da ke gab da isa garin. Motar da ta yi lodi tana hawansa ne da tafiyar da ba ta wuce ta mai sassarfa ba, ga inji yana iyakar ƙoƙarinsa, ga iskar gaba ta ɗauke, ga shi kuma a can bisa ruwa yakan tafasa tun a wajen digiri 96, bai kai 100 ba.

Motocin wancan zamani, irin su Berliet ta Faransa da Bedford ta Ingila da Marsandi mai gajeren hanci wadda mutanen Nijeriya suka fi sani da 911, sun tarbiyyantar da wani jinsin direbobi masu sanin halin ƙarfe da kunne da hanci. Ƙwararren direba ya san cewa in ya bar mota a babbar giya tana nishi a hawa, to, famfo da fanka sun rage gudu a daidai lokacin da aka fi bukatarsu, saboda haka yakan sauko da giya tun geji bai tashi ba. Yaron mota kuwa, waigi a hannu ɗaya, jarka a ɗayan, shi ne ma'ajin ruwa, kuma darasin farko da ubangidansa ke koya masa shi ne kada ya kuskura ya buɗe murfin lagireto yana tafasa, kada kuma ya kwara ruwan sanyi a injin da aka kashe da zafinsa, domin na farkon yana saɓule fatar fuska, na biyun yana tsaga kan inji. Wasu masu motoci, don su huta da wannan jidali gaba ɗaya, sai suka koma ga Magirus-Deutz ta Jamus, wadda iska ce ke sanyaya injinta, ba ta da lagireto balle famfo.

Amma fa ruwan da ake ɗurawa shi kansa yana da illa. Na Logon da damina jawur yake da laka, na rijiya kuma yakan zo da gishirin ƙasa wanda zafi ke daskarar da shi a jikin bututu, ga tsatsa tana cin farfela a hankali har fikafikanta su siraranta, ta riƙa juyawa alhali ba ta tura komai. Daga waje kuma ƙurar hunturu da burbushin auduga da ƙaiƙayin shinkafa sukan liƙe ramukan lagireto, har iska ta kasa ratsawa. In yoyo ya kama a daji akan lallaɓa shi da sabulu a ƙarasa gari, sau da yawa kuma lallaɓawar nan takan zauna ta zama ita ce gyaran.

Famfunan da aka yi a da, an yi su ne don a gyara: suna da bakin zuba giris, makanike kuma yakan fitar da sandar, ya canja boris da sil, ya mayar, famfo ya sake shekaru yana aiki. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuɗin kayan gyaran da ke zuwa daga Turai ya tashi ƙwarai, sai kasuwa ta karkata ga kayan kwance da ake cirewa daga tsofaffin motoci, da kuma na kwaikwayo masu araha, waɗanda da yawansu daga Nijeriya suke shigowa, daga kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa ta Kano, su biyo ta Yola ko Mubi ko Banki. A cikin irin waɗannan akan sami mai farfelar gwangwani ko ta roba, mai boris marar ƙarko, wanda kamanninsa na asali ne amma aikinsa ba na asali ba. Daga nan ne kalmar «Maigida, a sa mata babban famfo» ta yawaita a gareji, domin wanda aka sha cuta da ƙaramin abu, babba yake ganin zai fisshe shi.

To, mene ne haƙiƙanin fa'idar babban famfo? Ba shakka famfo mai farfelar zubi, mai yawan fikafikai, wadda ta zauna daf da jikin gidanta, yana tura ruwa fiye da gajiyayye, musamman sa'ad da inji ke tafiya a hankali, wasu makanikan ma sukan rage girman fulin da fambel ke ja don famfo ya ƙara gudu. Sai dai akwai haddi, domin idan gudun ya wuce kima ruwan da ke bakin farfela yakan yi kumfa, kumfar ta riƙa fashewa tana sassaƙar ƙarfe, tiyon ƙasa kuma in ya yi laushi sai ya shafe saboda ƙarfin zuƙa. Manomin Yagwa ya fi kowa saurin gane cewa ƙarfin famfo kaɗai ba ya wadatarwa, shi da ya san cewa manyan injunan da ke ɗebo ruwan Logon su shayar da fadamar shinkafa mai fiye da hekta 5,000, komai ƙarfinsu, in magudanan sun cushe da laka da ciyawa, gonar da ke ƙarshen layi ƙishirwa za ta kwana da ita. Famfo kai zafi kawai yake yi. Lagireto ne ke zubar da shi. Shi ya sa masana'antun Turai, in za su aiko da mota ƙasashen zafi, lagireton suke faɗaɗawa, su ƙara wa fanka fikafikai.

Akwai kuma abubuwa biyu ƙanana da ake wulaƙantawa alhali hukuncinsu babba ne. Na farko murfin lagireto, wanda ke matse ruwa don ya jinkirta tafasa, har mai ƙarfin cikinsu yakan kai ruwa wajen digiri 120 bai tafasa ba. In robarsa ta mutu, ko an toshe bakin da tsumma, to, an yi hasarar wannan rata duka. Na biyu tamostat, wanda al'ada ta gudana a cire shi a jefar bisa hujjar wai na ƙasar sanyi ne, alhali a injuna da yawa shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji bai leƙa lagireto ba, ciren nasa kuwa yakan bar wannan hanya a buɗe. Haka nan ruwan sanyaya inji mai launi, wanda ake zaton maganin ƙanƙara ne kurum, yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, wanda motar Yagwa ta fi motar Faris bukatarsa.

Yau motocin Renault da DAF da MAN da Howo ta ƙasar Sin sun maye gurbin na da, ƙarfinsu ya ninka, lodinsu ya ninka, zafin da suke fitarwa ma haka, ga shi kuma gadar da ta haɗa Yagwa da Bongor, mai tsawon mita 620, an buɗe ta a 2025, abin da zai ƙara jawo tireloli zuwa hanyar Kaele da Gidigis. Mai motar da ke son dukiyarsa ta daɗe, tertibin da tsofaffin makanikai suka gada shi ne mafi alheri gare shi: a wanke lagireto ciki da waje, a duba murfi da tiyo da fambel, a mayar da tamostat, a zuba ruwa mai tsabta da maganinsa, a daina lodin da ya wuce ƙa'ida, in an cika waɗannan sharuɗɗa mota ba ta daina ɗaukar zafi ba, sa'an nan ne sayen famfo mai inganci zai zama gyara, kafin haka kuwa almubazzaranci ne. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a sana'a.